Hakimu Olajuwon, Dogon Ikko da Bai Sayar da Addininsa a Amurka Ba

 

Yau labarin wani ɗan wasan ƙwallo muka kawo muku. Mun sani wani malami zai ce, ina ruwan wannan fili da ƙwallo, abin yara? Roƙonmu a yi haƙuri a kai ƙarshe tukuna. Akwai tambaya biyu da ke damun jama'armu a wannan zamani. Uba yana tambaya, in ɗansa ya tafi ƙasar da ba a jin kiran salla, kuɗi kuwa ga su birjik, ko zai komo da addininsa? Ɗan kasuwa kuma kullum ana ce masa babu mai yin babbar sana'a yau sai da bashin banki mai ruwa. To, mutumin da za mu ba da labarinsa ya gamu da tambayoyin nan duka biyu, ya kuwa amsa su da aikinsa. Sunansa Hakeem Olajuwon, mu a bakinmu Hakimu.

Yadda wasan yake

Kafin mu shiga labari, ya kamata mu bayyana wasan, don waɗanda ba su taɓa gani ba. Ƙwallon kwando da hannu ake yinsa, mutum biyar-biyar. A kowane ƙarshen fili akwai kwando marar gindi rataye, tsayinsa daga ƙasa ƙafa 10. Wanda ya jefa ƙwallo ta faɗa ciki daga kusa ya sami maki 2, daga bayan wani zane mai nisa kuwa maki 3. Cikin mutum biyar ɗin nan akwai wanda ake kira ɗan tsakiya, galibi shi ne mafi tsawo. Mazauninsa gindin kwando. Shi ke cafke ƙwallon da ta kuskure kwando, shi ke doke wadda abokan karawa suka jefo tun ba ta kai ba, in kuma nasu suka kai hari shi ake miƙa wa ya jefa daga kusa. Matsayinsa kamar na dogarin ƙofar fada ne, in ya yi sakaci kowa ya shige.

A Amurka jami'o'i ke renon 'yan wasa. Kowace shekara sukan yi babbar gasa wadda ake farawa cikin watan Maris, wanda aka kayar sau ɗaya ya fita ke nan. Daga cikin samarin jami'o'in nan ne ƙungiyoyin ƙwararru, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar da ake kira NBA, suke zaɓen waɗanda za su ɗauka da albashi.

Daga Ikko zuwa Sakkwato

An haifi Hakimu a Ikko ran 21 ga Janairu, 1963. Bayarabe ne, ɗan gidan Musulmi, iyayensa kuwa cinikin siminti suke yi. Watau a gidan ciniki ya buɗe ido. Yana yaro shi ne mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya kuma ƙware a ƙwallon hannu. Har ya kai shekara 15 bai san ƙwallon kwando ba.

Abin da zai ba masu karatu sha'awa shi ne, a nan Arewa aka buɗe masa wannan ƙofa. Makarantarsu, Kwalejin Malamai ta Musulmi da ke Ikko, ta zo Sakkwato wajen bikin wasanni na makarantun malamai na Nijeriya. Shi da 'yan ƙwallon hannu yake. Sai wani ɗan makarantarsu ya roƙi mai koyar da wasa a bar dogon nan ya shiga cikin 'yan ƙwallon kwando, aka kuwa yarda. Cikin ɗan lokaci kaɗan ya yi fice, har wani Ba'amurke mai koyar da wasa ya gan shi, ya yi masa hanya zuwa Jami'ar Houston ta jihar Teksas, wurin wani dattijo mai suna Guy Lewis.

A 1980 ya sauka Houston, yana ɗan shekara 17. Ko mai taryarsa babu a filin jirgi, sai mota ya yi haya ta kai shi makaranta. Ga tsawo wajen ƙafa 7, amma jiki kamar kara, wasan kuma bai daɗe da fara shi ba.

Almajirci a jami'a

Shekararsa ta farko ba a ba shi izinin shiga gasa ba. Ta biyu kuwa ɗan lokaci kaɗan ake sa shi, a fitar. Da ya tambayi malaman wasa me zai yi ya ƙaru, sai suka tura shi wani ɗakin wasa na cikin gari da ake kira Fonde, inda Moses Malone, ƙaton ɗan tsakiyar ƙwararrun Houston na wancan zamani, yake motsa jiki lokacin hutu. Nan yaro ya dinga karo da gwani, ana ture shi yana tashi, har ƙarfinsa ya kawo, ƙafarsa ta zauna. 'Yan kasuwa sun san wannan hanya, don ba a zama ubangida sai an yi yaron kanti, malamai ma haka, sai an durƙusa gaban wani.

Da aka komo makaranta sai aka ga ya zama wani mutum dabam. A 1983 ƙungiyar jami'arsu, wadda Clyde Drexler ma yana ciki, ta ci wasa 26 a jere, ta kai wasan ƙarshe a garin Albuquerque, kowa ya sakankance kofi nasu ne. Abokan karawarsu Jami'ar Jihar North Carolina. Saura ƙiftawar ido a tashi, ana kunnen doki 52 da 52, wani ya jefo ƙwallo daga nesa, ta gaza kai kwando. Hakimu kuwa a daidai wannan lokaci ya ɗan matsa daga mazauninsa. Sai Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya zura, aka tashi 54 da 52. A daren nan Hakimu ya ci maki 20, ya cafke ƙwallo 18, har aka ba shi lambar gwanin gasa ko da yake an kayar da su, abin da ba a sake yi wa ɗan ƙungiyar da ta faɗi ba tun daga ranar. Amma kofi ya tafi.

A 1984 ya fi kowane ɗan jami'a a Amurka cafke ƙwallo da doke ta abokan karawa. Suka sake kai wasan ƙarshe a Seattle, Jami'ar Georgetown ta Patrick Ewing ta kayar da su 84 da 75. Ku riƙe sunan Ewing, za mu komo kansa.

Gwaninta da zafin zuciya

A wannan shekara ta 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta zaɓe shi na farko cikin dukan samarin da suka fito, Michael Jordan ma na uku ya zo. A 1986 suka kai wasan ƙarshe na ƙwararru, Boston Celtics ta kayar da su wasa 4 da 2. Sau uku ke nan yana isa bakin rijiya ya komo da ƙishirwa.

Gwaninta dai babu mai musun yana da ita. Ran 29 ga Maris, 1990, a wasa guda ya ci maki 18, ya cafke ƙwallo 16, ya doke 11, ya miƙa 10 da abokansa suka ci, abin da mutum huɗu kaɗai aka rubuta sun taɓa yin irinsa a NBA. Laƙabinsa da Turanci ma'anarsa Mafarki. Yana da wata rausaya da yake yi gindin kwando, ya nuna zai bi dama ya bi hagu, ya nuna zai yi tsalle ya tsaya, har mai tsaronsa ya tashi sama a banza. Shi da kansa ya ce daga ƙwallon ƙafa na ƙuruciyarsa ya samo wannan saurin ƙafa.

Sai dai a shekarun nan an san shi da zafin zuciya. Yakan yi gardama da alƙalan wasa, yakan kai wa abokin karawa hannu. A 1986, a wasan da zai raba gardama tsakaninsu da Los Angeles Lakers, faɗa ya sa aka kore shi daga fili, sai abokansa suka ƙarasa ba shi. Kuma bai yarda da abokan wasansa sosai ba, in ƙwallo ta shiga hannunsa da wuya ta fita. Addini ma, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, ya yi sakaci da shi, don ya shekara da shekaru a Houston bai san akwai masallaci kusa da shi ba. Ran da aka kai shi ya ji kiran salla, tsigar jikinsa ta tashi.

Komowa

Daga nan ya kama salla kan lokaci, ya shiga karatun Alƙur'ani, ya je aikin Hajji. Tun zuwansa Amurka ana rubuta sunansa Akeem, sai cikin watan Maris na 1991 ya ce a mayar masa da harafin farko, a rubuta Hakeem, yadda sunan yake a Larabci, watau ma'abocin hikima.

Ba a daɗe ba jarrabawa ta zo. A 1992 ya ce jijiyar cinyarsa na ciwo, shugabannin ƙungiya suka ce ƙarya yake yi don a ƙara masa kuɗi, suka dakatar da shi. Mutum a ce masa maƙaryaci a gaban duniya, ai da ciwo. Ya ce a sayar da shi ga wata ƙungiya. Amma a ƙarshen shekarar, cikin jirgin sama a hanyar Japan inda za su buɗe wasannin shekara, ya zauna da mai ƙungiyar suka yi magana ta fahimta, aka yi sulhu. Da ya bi zuciya ya tafi, da abin da ya biyo baya bai same shi a Houston ba.

Sauyin halin nan ya bayyana har cikin wasansa. A ƙarƙashin sabon mai koyarwa, Rudy Tomjanovich, ya fara sakin ƙwallo. Ga yadda abin yake: in mutum biyu suka taru kansa gindin kwando, lalle akwai abokinsa guda da aka bari ba mai tsaro, sai ya miƙa masa can waje, shi kuwa ya jefa ta maki 3. In aka bar shi da mutum guda, ya rausaya ya ci. Abokan karawa suka rasa ta inda za su ɓullo masa.

A 1994 suka kai wasan ƙarshe da New York Knicks, ɗan tsakiyarsu kuwa Patrick Ewing, wanda ya kayar da shi shekara 10 da suka wuce. Wanda ya fara cin wasa 4 shi ke da kofi. New York ta ci 3, Houston 2. A wasa na shida, Houston na gaba da maki 2, saura daƙiƙa kaɗan, John Starks ya ɗaga zai jefa ta maki 3 wadda in ta shiga kofi ya tafi New York. Hakimu ya bi shi har can waje, ya miƙa hannu ya taɓa ƙwallon da 'yan yatsu, ta karkace. Aka tashi 86 da 84. Wanda sakacin daƙiƙa guda ya raba shi da kofi a 1983, yau ga shi a inda ake bukatarsa. Wasa na bakwai suka ci 90 da 84, Houston Rockets ta ɗauki kofinta na farko. A shekarar aka ba shi lambar gwanin shekara, da ta gwanin tsaro, da ta gwanin wasan ƙarshe, ba a taɓa haɗa wa mutum guda su uku a shekara ɗaya ba kafinsa. Ran da za a miƙa masa ta gwanin shekara, sai ya kira abokan wasansa duka su tsaya tare da shi a karɓa.

Azumi a fili

A 1995 watan Ramalana ya dace da Fabrairu, tsakiyar lokacin wasanni. Malamai sun san matafiyi yana da rangwame, 'yan wasan nan kuwa kullum suna kan hanya daga gari zuwa gari. Duk da haka Hakimu ya riƙe azuminsa. Gaskiya ne yawancin wasanni da dare ake yi, bayan an sha ruwa, amma motsa jiki na safe da wasannin da suka faɗo da rana da ƙishirwa yake yinsu, yana gudu yana karo da ƙatta. A wannan wata hukumar NBA ta zaɓe shi gwanin wata. Da yawa daga mutanen Amurka ta dalilinsa suka fara jin sunan Ramalana.

A ƙarshen wasannin shekarar, tare da tsohon abokinsa Drexler wanda ya komo Houston, suka sake ɗaukar kofi. Sun shiga gasa suna na shida a yankinsu, suka kayar da Utah, da Phoenix, da San Antonio ta David Robinson wanda shi ne gwanin shekarar, kana suka share Orlando ta Shaquille O'Neal 4 da babu.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa azumi ne ke kawo kofi. Allah yana ba wanda ya so, yana hana wanda ya so, kuma bayan 1995 Hakimu bai ƙara ɗaukar kofin NBA ba, ibadarsa kuwa ba ta ragu ba. Abin da ya tabbata a fili shi ne, addini bai rage masa komai ba, kuma mallakar zuciya da ya koya ita ta sa gwanintarsa ta yi amfani.

Ciniki ba da kuɗin ruwa ba

Yanzu ga rabon 'yan kasuwa. Manyan 'yan wasa sukan sa sunansu a takalma, a sayar da su fiye da dala 100. Hakimu ya ƙulla da kamfanin Spalding a yi takalmi da sunansa a kan dala 35. Dalilinsa, mace matalauciya mai 'ya'ya maza ba za ta iya sayen masu tsada ba, yara kuwa har sata suke yi, wani lokaci har kisa, saboda takalmi.

Sa'an nan ya shiga cinikin filaye da gidaje a Houston, bisa sharaɗi guda: ba ya cin bashi mai ruwa, sai abin da kuɗin hannunsa suka iya saye. Yakan duba inda za a fitar da sabuwar hanya ko a yi wani babban gini, ya sayi fili kusa, ya jira, in daraja ta tashi ya sayar. A ƙasar da kusan kowane mai wannan sana'a da bashin banki yake juyawa, wannan hanya tana da hasararta, don ba zai saya da yawa kamar masu bashi ba. Amma tana da amfani biyu. Mai sayarwa ya fi son wanda zai biya nan take da wanda zai jira banki ta yarda. Kuma in kasuwa ta faɗi, mai bashi dole ya karyar da kaya don ruwa na hawa kansa kowane wata, shi kuwa sai ya zauna abinsa har ta farfaɗo. Jaridun Amurka sun ƙiyasta ribar da ya samu ta wannan hanya ta haura dala miliyan 100.

Wani zai ce, ai shi da jarinsa ya shigo daga albashin ƙwallo, ni fa mai tebur a bakin kasuwa? Wannan magana gaskiya ce, ba mu musa ba. Amma ƙa'idar ba ta sake ba, babba ko ƙarami: ka sayi abin da hannunka ya kai, ka yi haƙuri da jinkirin girma. In jari ya gaza, littattafan fiƙihu da ke gaban malamanmu sun bayyana tarayya, sun bayyana ƙiradi, watau mai dukiya ya kawo jari, mai ƙarfi ya juya, a raba riba yadda aka yi alkawari. Fataken Kano da suka riƙa kai kaya Gwanja su komo da goro ba su san banki ba.

Cikin gine-ginen da ya saya akwai wani tsohon banki a tsakiyar Houston. Ya saye shi a 1994, aka gyara, aka buɗe shi a 2002 ya zama masallaci da wurin wa'azi. Inda dā ake lissafin ruwan bashi, nan aka shimfiɗa sahu.

Bayan barin wasa

Ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, ya ci lambar zinariya da ƙungiyar ƙasar a wasannin Olimfik na Atlanta a 1996. A 2001 ya koma Toronto ta Kanada, ya bar wasa a 2002 bayan shekara 18 yana cikin ƙwararru. Ya tara maki 26,946, ya doke ƙwallo 3,830, adadin da babu wanda ya kai shi tun da aka fara rubuta wannan lissafi. Da ya huta sai ya kwashe iyalinsa zuwa Amman ta ƙasar Jodan don neman ilmin Larabci da addini, ga shi attajiri ya haura shekara 40, ya koma ɗalibi. Manyan 'yan wasa kamar Kobe Bryant a 2009 da LeBron James a 2011 suka je har wurinsa ɗaukar darasin ƙafa, kamar yadda shi ma ya ɗauka wurin Malone.

A 2008 aka sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen wasan. A shekarar kuma ƙungiyarsa ta so ta girmama shi a ƙofar ɗakin wasanta. Al'adarsu su ƙera siffar mutum da tagulla. Saboda addininsa ba a yi haka ba, sai aka ƙera rigarsa mai lamba 34 kaɗai. A 2022 hukumar NBA ta sa wa kofin gwanin tsaro sunansa.

To, jama'a, kun ji. Ba mu kawo labarin nan don yara su yar da allo su bi ƙwallo ba, gama masu neman wannan matsayi dubbai ne, masu samu ƙalilan, tsawon ƙafa 7 kuwa ba a sayensa a kasuwa. Nasiharmu ga iyaye ita ce, su cusa wa yaro salla da karatu tun yana gabansu. Hakimu ya yi nisa na wasu shekaru, amma da ya ji kiran salla ya gane shi, domin a gida ya saba jinsa. Wanda ba a shuka masa komai ba, me zai tuna? Ga 'yan kasuwa kuma, in an ce muku ba a arziki sai da kuɗin ruwa, ku ce an yi a Houston, inda bankuna suka fi namu yawa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare su a gida da daji, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya raba mu da haram komai ƙanƙantarta. Amin. Wassalamu.